Layin da ya tsaya mini a maƙogwaro

Tun Disambar 2024 na daina karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a coci don tunawa da mutuwar Yesu. Ba wanda ya hana ni. In lokaci ya yi, mutane suka fara tashi benci-benci zuwa gaban bagade, sai in sunkuyar da kai ina gyaran ɗankwali har bencinmu ya wuce. Haka ma in an zo Addu'ar Ubangiji. Ina bin jama'a da murya har wurin abincin yini, daga nan sai bakina ya mutu. Inda ake cewa ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, nan nake yin shiru, sai an kai wurin jaraba in sake bin sahu.

Adashe ne ya jawo. Ɗinki nake yi, ina da ɗan shago a Sabon Garin Zariya. Mu goma muka haɗu, dukanmu 'yan zumuntar mata, zubin naira 20,000 duk ƙarshen wata. Kwasata ta faɗo a Disamba, naira 200,000, kuma na riga na sa rai a kan keken ɗinki mai aiki da lantarki, har na je na duba shi sau biyu, na shafa shi da hannuna. Duk wanda ke sana'ar hannu ya san yadda kuɗi ke wuyar taruwa tun da aka cire tallafin mai a 2023, ya kuma san abin da zubin wata tara ko goma yake ci a cikin tukunyar gida. Uwar adashen ba baƙuwa ba ce. Yaya nake kiranta. Tare muka taso a ƙungiyar mawaƙa, ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi ɗana na fari. Ranar kwasa ta ce in ba ta mako guda. Mako ya zama wata. Daga nan ta daina ɗaukar waya, ta koma sujadar Turanci ta sassafe don kada mu haɗu a ta Hausa, daga baya ma aka daina ganinta gaba ɗaya.

Gwaggo ce ta gano ni. Yayar mahaifina ce, ta haura shekara tamanin, kuma a Wusasa ta girma, garin da 'yan mishan suka koma a 1929 bayan sun bar cikin birnin Zariya. Littafi Mai Tsarki da take riƙewa tsohon juyi ne, wanda aka fara bugawa a 1932, wanda Likita Miller ya sha wahala a kansa. Bangonsa ya mutu, ni na ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Shi ya sa har yau Matta take cewa inda muke cewa Matiyu, Yohanna inda muke cewa Yahaya. Idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Ranar Lahadi 2 ga Maris 2025, muna fitowa daga sujada, ta riƙe mini hannu kamar tana neman abin dogarawa, ta ce, "'Yar nan, wata uku ke nan ina jin muryarki tana ɓacewa a wuri ɗaya."

Na ce, "Gwaggo, ba zan yi wa Allah ƙarya ba. Ban yafe ba, don me zan ce na yafe?"

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Madalla. Wanda yake jin tsoron yi wa Allah ƙarya bai yi nisa ba. Jibi da yamma ki zo gida."

Da na je ranar Talata, ta zaunar da ni ta tsara mini abin da zan yi, kamar yadda ake gaya wa mai jego ƙa'idar wanka. Gobe Larabar Toka, ta ce, daga nan zuwa jajibirin Ista kwana 40 ne in an cire ranakun Lahadi shida, domin Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, ba a azumi a cikinta. Kullum ƙarfe biyar na asuba in tashi. In zaɓi wuri guda, kada in riƙa canzawa, in rufe ƙofa kamar yadda Yesu ya ce a Matta sura 6. In karanta Zabura ɗaya da murya, ba a zuci ba, ita za ta riƙa gaya mini wadda zan karanta. Sannan in fara Addu'ar Ubangiji a hankali. In na iso wurin da bakina yake mutuwa, kada in tsallake kamar yadda nake yi a coci, kada kuma in tilasta wa kaina. In tsaya nan, in zauna shiru a gaban Ubangiji har gari ya fara haske, in tashi.

Na tambaye ta batun abinci, don ina fama da gyambon ciki. Ta ce in kai sha biyun rana ya isa, ba cikina ne ya yi laifi ba. "Azumin da zai yi miki wuya na baki ne. Daga gobe har Ista, kada ki sake ba kowa labarin adashen nan. Mutum ɗaya za ki riƙa gaya wa, shi ne wanda za ki durƙusa a gabansa."

Nan jikina ya yi sanyi, don ta taɓa inda ke ciwo. Wata uku ba kwastomar da ta zauna a bencin shagona ban ba ta labarin ba. Ina awo ina ba da shi, ina yanka ina ba da shi, kuma duk lokacin da na maimaita sai ya ƙara kaifi.

Washegari aka shafa mana toka a goshi, aka tuna mana cewa mu turɓaya ne, ga turɓaya za mu koma, aka karanta Zabura 51. Wurin da na zaɓa a gida shi ne ɗan lungun da ke tsakanin buhun masara da ƙofar madafa, nan na shimfiɗa tabarma. A shekarar azuminmu ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi, su sun fara tun 1 ga Maris. In na farka sai in ji ƙarar tukwane ta bayan katanga ana haɗa sahur, can kuma a kira assalatu. Hakan ya taimake ni fiye da yadda na zata, don tashin asuba ya fi sauƙi in ka san unguwa ba barci take yi ba.

Makon farko bushe yake ƙayau. In karanta Zabura, in fara addu'a, in iso wurin, in tsaya. Shirun da Gwaggo ta ce in yi kuwa ba shiru ba ne, lissafi ne. Dubu ashirin sau goma. Nawa keken ya kai yanzu. Me zan ce mata in mun haɗu a kasuwa. Sau biyu barci ya kwashe ni a kan tabarmar, sai kukan yara ya tashe ni. Na koma wurin Gwaggo na ce abin nan ba ya yi, hankalina ba ya zama. Ta ce, "Tunani akuya ne. In ta tsinke igiya, jawo ta za ki yi ki sake ɗaurewa, ba tsayawa dukanta ba. Ko sau ɗari ta tsinke, sau ɗari ki jawo." Ta ba ni Zabura 6, da 13, da 32, da 38, da 42, ɗaya bayan ɗaya.

A mako na biyu ta ce in karanta Zabura 55. Ban san abin da ke ciki ba, ko kuma na sha ji ban taɓa saurara ba. Ina karantawa da 'yar fitilar waya, har na iso aya ta 12 zuwa 14, inda Dawuda yake cewa da maƙiyi ne ya yi masa haka da ya jure, da abokin gaba ne da ya ɓuya masa, amma kai ne, tsarana, abokina, aminina, wanda muke hira mai daɗi tare, muke tafiya Haikalin Allah cikin taro. Na ajiye littafin. Na ga ni da Yaya muna tafe a kan hanyar coci da zanen zumunta iri ɗaya, tana riƙe mini jaka ina gyara goyo. Kukan da ban yi ba tun Disamba, ranar na yi shi.

Daga nan bakina ya buɗe, amma ba da irin addu'ar da aka saba ji ba. Na gaya wa Ubangiji komai dalla-dalla, kamar mai kai ƙara gaban mai unguwa. Na faɗi adadin kuɗin. Na faɗi watan da muka ci tuwo ba nama don in cika zubi. Na faɗi kunyar da na ji da mai keken ya kira ni ya ce wani ya saya. Na ce ta cuce ni, na ce ina jin haushinta, na ce ina jin haushinsa shi ma da ya bari aka yi mini haka a cikin gidansa. Maigidana ya ji motsi ya leƙo, ya ga leɓuna suna rawa hawaye na zuba, ya koma bai ce uffan ba. Daga baya ya ce na tuna masa da Hannatu uwar Sama'ila, wadda Eli firist ya zaci ta sha ta bugu alhali zuciyarta take zubawa.

Wannan abu ya dame ni game da yadda muka koyi addu'a, kuma har yanzu yana damuna. Ko dai mu jera kalmomi masu daɗi kamar muna gaban baƙo, ko kuma mu ɗaga murya muna kiran wuta a kan maƙiya. A cikin biyun nan ba inda mutum zai ce, wance ta cuce ni, kuma ina ƙaunarta, kuma ban san yadda zan yi ba. Alhali Zabura cike take da irin wannan magana. Shekara nawa ina riƙe da littafin nan ban san an yarda in yi wa Allah magana haka ba.

A mako na uku Gwaggo ta ƙara mini kaya. Ta ce in na iso wurin tsayawa, in kira sunan Yaya da baki, in roƙa mata abu ɗaya mai kyau. Washegari na ce, Ubangiji, ka buɗa mata hanya ta biya ni. Da na gaya wa Gwaggo, ta girgiza kai. "Wannan kanki kika roƙa wa. Ki roƙa mata abin da ba ki da riba a ciki." Kwana uku sunan yana yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. A rana ta huɗu abin da ya fito shi ne layin da na riga na iya: ka ba ta abincin yini, ita da 'ya'yanta. Iyakar abin da na iya ke nan, shi na riƙa maimaitawa har ƙarshen mako.

Lokacin kuwa ɗinkin Sallah ya taso. Yawancin kwastomomina Musulmi ne, shadda da leshi da atamfa sun cika shago, ga zafin bazara ya sauka, ga wuta ba ta zama. Sai in kai sha biyun dare ina taka keke. Kwana biyu a jere ban tashi asuba ba. A ɗaya daga cikin ranakun ne kuma wata ta tambaye ni ina sabon keken da na ce zan saya, kafin in ankara na kwashe labarin duka na ba ta, har da ƙari. Na je wa Gwaggo a karye, na ce na ɓata, sai dai in bari sai baɗi. Ta ce wanda ya yi tuntuɓe a hanyar rafi ba ya komawa gida ya sake fara tafiya, tashi yake ya ɗauki tulunsa. Ta ce in faɗa wa Ubangiji abin da na yi da bakina, in ci gaba daga inda na tsaya.

Ranar 30 ga Maris ta zama rana biyu a haɗe: maƙwabta suna Ƙaramar Sallah, mu kuma muna Lahadin iyaye mata, wadda take faɗowa a Lahadi ta huɗu cikin azumi. Mata muka sha anko, mu muka riƙe sujada daga farko har ƙarshe. Da muka tashi waƙa, idona ya faɗa kan kujerar da Yaya take zama da tulunta, don ita ce mai buga mana tulu shekara da shekaru. Wata yarinya ce a wurin, tana bugawa amma hannun bai faɗa ba. Wajen sanarwa sai matar fasto ta ce a sa mijin Yaya cikin addu'a, ciwon ƙoda ya kwantar da shi tun kafin Kirsimeti, ana yi masa wankin ƙoda, gidan sun sayar da kusan duk abin da suke da shi.

Zan faɗi gaskiyar abin da na ji. Ba tausayi ne ya fara zuwa ba, fushi ne sabo. Me ya hana ta gaya mini? Ni ce za ta ɓoye wa? Sai daga baya, ina zaune a gida gaban kwanon abincin Sallah da maƙwabciyata ta aiko, kunya ta rufe ni. Wasu a zumunta sun sani. Ni ban sani ba domin duk wanda ya ɗauko sunanta a gabana, ban bari ya kai ƙarshen magana ba. Na kuma tuna mako biyu ke nan ina roƙa wa gidan abincin yini ban san da gaske babu shi ba.

Duk da haka layin bai fito ba. Sanin dalili bai biya ni kuɗina ba, kuma ba ta tambaye ni kafin ta taɓa su ba. Gwaggo ta sa na karanta mata Matta 18 daga aya ta 21, misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuma ya fita ya kama ɗan'uwansa a kan dinari 100. Na ce, "Gwaggo, wato in bar mata kuɗin ke nan? Ni ma ina da 'ya'ya." Ta ce in sake karanta abin da bawan ya yi da ya kama ɗan'uwan nasa. Na duba, na ce ya shaƙe shi a wuya. Ta ce, "To. Bashi daban, shaƙewa daban. Bashi a takarda ake rubuta shi, a sa shaida, a biya a hankali. Hannunki nake so ki cire daga wuyanta."

Na ɗauki maganar nan na kai tabarma, na yi kwanaki ina juya ta. Abin da na riƙa roƙo a lokacin gajere ne: Ubangiji, ba na iyawa, ka buɗe mini hannu. Wata asubar ma ko wannan ban iya faɗa ba, sai ajiyar zuciya kawai. Gwaggo ta ce ba komai, Romawa 8 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

Ranar da ya fito ba wani abin mamaki da ya faru. Talata ce ta Mako Mai Tsarki, bayan Lahadin ganyen dabino. An kwana ba wuta, zafi ya hana kowa barci, na tashi jikina duk gumi. Na karanta Zabura, na fara addu'a kamar kullum, sai na ji kaina ina cewa gama mulki da iko da ɗaukaka naka ne. Na tsaya. Ashe na wuce wurin ban sani ba. Na koma baya na sake faɗinsa da gangan, kalma bayan kalma, da sunanta a ciki, don in tabbata ba santsin baki ba ne. Ya yi ɗaci, amma ya fita, kuma ba ƙarya nake yi ba.

Saura abu ɗaya, wanda ba sai Gwaggo ta gaya mini ba. Matta 5 ta ce in kana miƙa baiko a bagade ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka bar baikon, ka je ku shirya tukuna. Ranar Laraba da la'asar na auni gero mudu biyu, na sayi sabulu, na hau Keke Napep. Ita ta buɗe ƙofa. Ta rame har zanenta yana neman zagaya ta sau biyu. Tana ganina ta zube a ƙasa ta kama ƙafata, tana cewa, "Ƙanwata, ƙanwata," ba ta iya ƙara komai ba. Na ɗaga ta. Falon ba kujeru, ba talabijin, sai tabarma da katifa, maigidan yana kwance ƙafafunsa sun kumbura.

Na ce, "Yaya, kin yi mini laifi. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, gudun da kika yi ne. Da kin zo kin gaya mini, da ban san abin da zan ce ba, amma da kin zo." Ta ce ranar da kuɗin suka cika a hannunta, ranar aka ce in ba a yi wankin ba ba zai kwana biyu ba. Ta ce ta ɗauka za ta mayar kafin mako, daga nan kunya ta hana ta kallon idona. Ni ma na roƙe ta gafara, don na yawata da sunanta a bakin duk wanda ya shigo shagona. Muka yi magana a kan bashin a fili: naira 5,000 duk wata har Allah ya ɗaga maigidan, a rubuta, matar fasto ta zama shaida. Ita ta nace a rubuta.

Da zan tafi maigidan ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "Maman yara, ki yi mana addu'a." Muka durƙusa a gefen katifar. Ban iya jera komai ba, na roƙa masa sauƙi, na roƙa wa Yaya ƙarfi, sai maganata ta ƙare. Yaya ce ta ɗauko Ubanmu wanda ke cikin sama, muka bi ta mu uku, muryarsa can ƙasa. Da muka iso wurin, ta matse mini hannu har sai da na ji zafi, muka faɗe shi tare.

Washegari Alhamis, daren da ake tuna wanke ƙafafun almajirai da kafa Jibin Ubangiji, na tashi da bencinmu. Gwaggo tana gabana da sandarta, na durƙusa kusa da ita na miƙa hannu.

Ran Litinin bayan Ista, yara sun tafi fitar bikin Ista da muke kira Galili da sauran matasan coci, na kai wa Gwaggo abinci. Na ce mata kwana 40 sun cika, na gode. Tana ɓare mangwaro ba ta ɗago ba, ta ce, "To, saura wa?" Kafin ta rufe baki na san amsar, mutum biyu ne, ɗaya ma a cikin dangin maigidana. Na faɗa mata sunayen. Ta ce in bar tabarmar inda take, gobe da asuba in fara da Zabura 130.